Magajin Garin Babankatami da Gādon da Ya Tarar

Kalmar "magajin gari" ta girmi akwatin ƙuri'a nesa ba kusa ba. A Sakkwato sarauta ce babba, mai riƙe da ita yana cikin masu zaɓen Sarkin Musulmi, kuma akwai ta a Katsina da Zazzau. Mu a nan Nijar muka ɗauko ta muka laƙaba wa wanda Faransanci ke kira "maire", ta zauna daram kamar dama dominsa aka ƙirƙire ta. Duk ɗalibin da ya zauna darasin ƙirar kalma ya san yadda aka gina ta: aikatau "gada" ne tushe, aka sa masa ɗafa-goshin "ma-" da ɗafa-ƙeyar "-i", sannan ganɗantawa ta mayar da "d" ta koma "j". Magaji dai shi ne mai gādo. Ina ganin Bahaushe bai yi kuskuren suna ba, domin wanda ya hau wannan kujera a ƙaramar hukumar karkara irin Babankatami, cikin gundumar Buza, yakan fara aiki ne da abin da aka bar masa, mai daɗi da marar daɗi, kafin ya kai ga abin da ya yi alkawari a lokacin yaƙin neman zaɓe.

Zaɓen ranar 13 ga Disamba 2020 shi ne na uku irinsa tun da aka kafa waɗannan ƙananan hukumomi: an yi na farko a 2004, na biyu a Janairun 2011. Majalisun 2011 wa'adin shekara biyar aka ba su, amma aka yi ta ƙara musu har suka kusa cika goma. Saboda haka akwai samari da ƴanmata da yawa a ƙauyukanmu da zaɓen 2020 ne karon farko da suka ga an canza kansiloli da ƙuri'arsu. Sai dai a wancan zaɓe talaka ba shi ne ya zaɓi magajin gari kai tsaye ba. Shi kansiloli ya zaɓa, su kuma suka fitar da ɗaya daga cikinsu, kuma doka ta ba su ikon tsige shi idan suka haɗa kai. Wannan tsari ya zo da illar da kowa ya gani a ƙananan hukumomi da dama na ƙasar nan: magajin gari yakan shafe rabin wa'adinsa yana lallashin mutum goma sha wani abu, ya manta da dubban da suka yi layi cikin sanyin hunturu. Wannan rubutu nawa tunatarwa ce daga ɗaya daga cikin waɗancan dubban.

Abu na farko da nake roƙo ba ya bukatar ko dala ɗaya daga Yamai. Ina roƙon sabon magajin gari ya mayar da aikin hukumarsa cikin harshen da mutanensa ke ji.

Ga yadda abin ya kasance a lokacin a yawancin ƙananan hukumomin karkara na jihar Tawa. Ana zaman majalisa, ana muhawara da Hausa, har a ɗaga murya da Hausa, a yi sulhu da Hausa. Da an tashi rubuta abin da aka yanke, sai alƙalami ya koma Faransanci, domin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 shi ya ajiye a matsayin harshen hukuma a wancan lokaci. Kasafin kuɗi da Faransanci, kundin tsarin raya ƙaramar hukuma da ake kira PDC da Faransanci, takardar kwangilar gina aji ko haƙa rijiya da Faransanci. Kansilan da bai yi lakwal ba yana ɗaga hannu ya amince da takardar da ba zai iya komawa gida ya sake dubawa ba. Abin da aka fassara masa da baki a zauren shi ne iyakar saninsa, kuma mai fassarar sau da yawa shi ne wanda ya rubuta takardar. Ban ce ana cutarsa ba. Na ce an bar ƙofar cuta a buɗe, kuma an hana shi hanyar da zai gane ko an shigo ta nan.

Dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumba 2010 ta ce zaman majalisa a buɗe yake ga jama'a. To, mene ne amfanin buɗe ƙofa ga mutumin da aka rufe wa kunne? Babu dokar da ta hana magajin gari ya sa a fassara taƙaitaccen kasafin shekara zuwa Hausa, shafi biyu kawai: ga abin da muke sa ran samu, ga inda zai fito, ga inda za mu kashe shi. A rubuta shi da boko da ajami, domin a ƙasar Adar waɗanda suka bi ta makarantar allo sun fi waɗanda suka bi ta lakwal yawa, musamman cikin dattawa. A manna shi a ƙofar ma'aikatar magajin gari da bakin kasuwa. A ba mai shela ya karanta ranar kasuwa, a kai wa gidajen rediyon karkara da ake kamawa a yankin, a naɗe shi da murya a tura ta WhatsApp, tunda ta nan labarin rasuwa da na suna ke zagaya ƙauyuka cikin sa'a guda. Kuma kada a manta da maƙwabtanmu masu Tamajak da Fulfulde. Dokar 31 ga Disamba 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, uku daga cikinsu ana jin su a kasuwanninmu kowane mako.

Mai karatu zai iya ɗauka fassarar kasafi abu ne mai sauƙi. Ba haka ba ne, kuma a nan ne aikin ya shafe mu, mu ɗaliban kimiyyar harshe. Ɗauki lissafin kuɗi kawai. Takarda tana ƙirga tamma ɗaiɗai, Bahaushen Nijar kuwa da dala yake ƙirga, kowace dala tamma biyar. Abin da aka rubuta 500, shi "dala ɗari" yake ce masa. 1000 kuma "jikka" ce. Idan mai fassara ya ga 700 ya ce "ɗari bakwai", tsohon da ke sauraro zai ji dala ɗari bakwai, wato jikka uku da rabi, alhali abin da ake nufi dala ɗari da arba'in ne. Kuskuren ninki biyar ke nan daga baki guda. Sannan a je ga kalmomi. Yaya za a bambanta kuɗin tafiyar da aiki da kuɗin zuba jari a ayyuka, ta yadda manomi zai gane nan take cewa na farko albashi ne da man mota da kuɗin zama, na biyu kuma aji ne da rijiya? Wannan bambanci shi ne zuciyar kasafin gaba ɗaya. Ranar da talaka ya ji da kunnensa nawa aka ware wa wancan, nawa aka ware wa wannan, ranar zai fara tambayar da ta dace.

Akwai kuma batun wace Hausa. Mutumin Adar "gidanai" yake cewa, da "gonatai", da "munka tahi", da "hwari". Bernard Caron ya rubuta littafi sukutum a kan wannan karin harshe a 1991, amma har yau idan aka zo rubuta sanarwa sai a kwaikwayi Hausar rediyon ƙetare, a cika ta da kalmomin da aka aro daga Ingilishi a Kano, waɗanda tsohuwa a Tabotaki ko Ƙarofane ba ta taɓa ji ba. Ni ra'ayina a bi ƙa'idar rubutun da ƙasa ta tsayar, amma kalmomin su zama na mutanen wurin. Inda suke cewa "lampo", a rubuta lampo.

Tunda na ambaci lampo, bari in tsaya a kansa. Kalmar daga "l'impôt" ta fito, kuma ta zo da kayanta. Dattawanmu suna tuna zamanin da ake shanya mutum a rana saboda kuɗin kai, ana ƙirga masa shanu saboda jangali, kuɗin kuma su tafi inda bai sani ba. Gwamnatin Seyni Kountché ta soke wancan haraji a ƙarshen shekarun 1970, amma tsoron da ƙyamar suna nan maƙale a jikin kalmar. Yau kuɗin da ake karɓa ta hannun masu gari da hakimai na ƙaramar hukuma ne, a nan ya kamata su tsaya, a nan ya kamata a kashe su. Mutum nawa ne suka san haka? Ana yawan kukan cewa mutanen karkara ba sa biyan haraji, ana ɗora laifin a kan jahilci. Ni ban yarda ba. Mutanen nan su ne ke haɗa kuɗi su gina masallacin Juma'a ba tare da an aiko musu da jami'in tsaro ba, domin suna ganin gini yana tashi, kuma liman yana faɗin abin da aka tara bayan salla. Idan magajin gari yana son lampo ya shigo, ya yi abin da liman ke yi. Haka nan kuɗin tikitin kasuwa, musamman kasuwar dabbobi, wadda ita ce babbar hanyar samun kuɗi ga yawancin ƙananan hukumomin yankinmu: a riƙa bayyana abin da aka karɓa kowane wata. Tallafin gwamnati da ke biyowa ta hukumar ANFICT, wadda aka kafa a 2008, ba abin da za a jingina da shi ba ne kacokan, kuma ƙudurin Janairun 2016 da ya miƙa wa ƙananan hukumomi ragamar ilimi da lafiya da ruwa da muhalli ya miƙa nauyi fiye da yadda ya miƙa guzuri.

Na san abin da wasu za su ce: ɗan makaranta ya zo da zancen harshe alhali mutane ƙishirwa suke ji. Gaskiya ne ƙishirwa ta fi gaggawa. Amma a duba yadda famfo ke mutuwa a ƙauye. Wata ƙungiya ta zo ta haƙa, ta kafa kwamiti, ta bar littafin lissafi da takardar yarjejeniya cikin Faransanci. Mata suna biyan kuɗin kowane jarka. Bayan shekara biyu wani ƙarfe ya lalace, a buɗe asusu a tarar ba komai, ba kuma wanda zai iya karanta littafin ya ce ga inda kuɗin suka bi. Daga nan sai a koma rijiya mai gaba da yawa, a ɗaura wa jaki igiya, yarinya ta bar aji ta bi jakin. Ina roƙon magajin gari, kafin ya nemi sabon famfo ko ɗaya, ya sa a zagaya a ƙirga waɗanda suka mutu, a gano abin da ya kashe kowanne. Gyaran biyar ya fi arha a kan haƙa ɗaya, sai dai gyara ba ya zuwa da bikin yanke ƙyalle, shi ya sa ƴan siyasa ba sa sonsa.

Abu na biyu da ke hannun magajin gari shi kaɗai, wanda ba zai ce Yamai ce ta hana shi ba, shi ne takardar haihuwa. Doka ta mayar da shi jami'in rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Dokar 1 ga Yulin 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwar yaro, kuma kyauta ne. Wanda ya wuce wa'adin sai ya bi ta wurin alƙali, ko ya jira ranar da alƙalin zai fito zaman ƙauye. Uban da ke Abijan yana cin rani, uwar da ke jego a ƙauyen da ke nesa da gidan likita, wa zai kai sunan? Sai yaro ya girma ba shi da takarda, ranar da aka zo rubuta sunayen masu jarrabawa a fara guje-guje. A ba kowane mai gari da kowane ma'aikacin ɗakin shan magani littafin rajista, a riƙa zuwa karɓa kowane wata. Ranar suna kowa yana wurin, liman yana wurin, ungozoma tana wurin. Ba ranar da ta fi ta dacewa a rubuta yaro.

Sannan a kula da yadda ake rubuta sunan. Wannan ciwo ne da duk wanda ya bi ta jami'a ya ga wani abokinsa ya sha. Suna guda, Sha'aibu, ana iya samunsa "Chaïbou" a takardar haihuwa, "Chaibou" a takardar makaranta, "Saïbou" a katin ɗan ƙasa. Mahamadu ya zama "Mahamadou" a nan, "Mamadou" a can, "Mohamed" a fasfo. Ranar karɓar sakamakon BEPC ko neman tallafin karatu sai a ce waɗannan mutum biyu ne, a tura yaro neman shaidar cewa shi ne shi. Rubutun Faransanci ba shi da gurbin ƙ da ɗ da ɓ, don haka Ɗanladi da Ɓaidu da Ƙasimu duk sun rasa lanƙwasarsu a hannun magatakarda. Sunayen garuruwanmu ma haka: Madawa ta koma "Madaoua", Buza ta koma "Bouza", shi kansa Babankatami wani ya haɗe shi, wani ya raba shi biyu. Magajin gari ba zai canza harshen hukuma ba, amma zai iya sa a tsara jerin sunayen da aka fi raɗawa a yankin, kowanne da rubutu guda tsayayye, a ajiye a teburin mai rajista. Aikin mako biyu ne ga ɗalibai uku.

Game da ƙasa kuwa, ba a bukatar a je nesa neman darasi. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, FAO tana gudanarwa, Hukumar Abinci ta Duniya tana biyan ma'aikata da abinci, ya nuna cewa faƙon da ko ciyawa ba ta fitowa a kansa yana iya komawa gona. An jera duwatsu a gangaren tsaunuka, an yi madatsai a bakin ƙoramu, an dasa miliyoyin itatuwa, kuma mafi yawan hannayen da suka ɗauki duwatsun nan na mata ne, domin mazan suna cin rani. Daga baya aikin ya taɓo sassan Buza da Abalak. Kafin shi, tun 1975, ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan bedi a kwarin Magiya domin karya iska, har masana daga ƙasashe suka riƙa zuwa kallo. Tassa kuwa manoman Illela ne suka yaɗa ta bayan sun gano a Yatenga ta Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980. Ilimin yana nan a hannun mutane. Abin da ya ɓace shi ne mai kula bayan baƙi sun naɗe tabarmarsu. Madatsar da ta tsage bana, in ba a toshe ba, baɗi ruwa zai tafi da ita ya haɗa da gonakin da ke ƙasanta, ya yanke hanyar da ake kai mai naƙuda Buza ko Madawa. Ƙaramar hukuma ba ta da kuɗin gina sabuwa, amma tana da ikon kiran gayya kafin ruwan farko, ta sayi waya da siminti kaɗan, ta ciyar da masu aiki.

Burtali ma yana cikin gādon. Mutane suna ƙaruwa, ƙidayar 2012 ta nuna ƙaruwar kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, gona kuwa ba ta haihuwa, don haka kowace damina garma tana ɗan ci daga hanyar dabbobi. Ba mu manta da abin da ya faru a Bangi, cikin gundumar Madawa, a Nuwamban 2016 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka kusan ashirin cikin yini guda. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye tun daga ƙauye har ƙaramar hukuma, kuma magajin gari ne shugaban na matakinsa. Ya tayar da shi daga barci. A kafa alamun burtali da manomi da Bafulatani da Ba'abzine suna tsaye, a sanar da ranar sakin gonaki cikin harsuna uku tun da sauran lokaci. Yawancin faɗan kaka yana farawa ne da "ban ji ba".

Ba zan daɗe a kan makaranta ba, domin masu karanta wannan mujalla sun fi ni sanin ta. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa cikin harsunan ƙasa tare da Faransanci, amma mun shafe shekaru da dama muna kiran abin "gwaji". Manhaja ba ta hannun magajin gari. Abin da ke hannunsa shi ne ajin zana da ba a iya kafawa sai an gama girbi an samu kara, wanda ke sa yaro ya rasa watanni a farkon shekara, da kuma iyayen da ke zaton karatu da Hausa karatun talakawa ne. Kalma ɗaya daga bakinsa a taron iyaye tana da nauyi.

Sai masu cin rani. Ƙasar Adar ta daɗe tana rayuwa da guzurin ƴaƴanta da ke Abijan da Legas da Kamaru da Libiya da Aljeriya. Rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da annobar korona, sun nuna mana yadda gidaje ke shiga ƙunci idan wannan igiya ta tsinke. Waɗannan mutane suna da ƙungiyoyin ƴan gari a can inda suke, suna tara kuɗi, suna aiko da gudummawa. Magajin garin da ya aika musu da kasafin nan na shafi biyu, ya ce ga aji uku da muke son rufewa da kwano, ga kuɗinsu, ga sunan wanda zai riƙe asusun, zai sha mamakin amsar da zai samu. Matan da suka bari a gida kuwa, waɗanda su ne ke noma da ɗiban ruwa da biyan lampo rabin shekara, a sa zaman sauraron jama'a a lokacin da za su iya halarta, a kuma bar su su yi magana da kansu.

A ƙarshe ina da magana da sashenmu. Kowace shekara muna rubuta kundayen kammala karatu a kan karin harshen Adar, a kan aron kalmomi daga Faransanci, a kan fassara, su tafi su kwanta a kabad. Ina ba malamanmu shawara a tura ɗalibai biyu ko uku ƴan gundumar Buza su yi hutun damina a ma'aikatar magajin garin Babankatami, idan ya amince. Su zauna da sakataren hukuma da mai karɓar kuɗi su fitar da kalmomi ɗari na kasafi da rajista da filaye, su gwada su a bakin kasuwa su ga wanne aka gane, wanne aka yi wa dariya, su gyara. Su fassara kasafin baɗi kafin majalisa ta zauna a kansa a ƙarshen shekara. Kuɗin motarsu daga Tawa zuwa Buza da abincin wata biyu shi ne dukan abin da aikin zai ci, kuma sashe yana iya rubuta wa magajin gari wasiƙar neman izini tun cikin wannan wata.